Daga Kasuwar Sabon Gari Zuwa Ƙololuwar Shere: Yadda Ake Yinin Hawan Tsauni

Hawan tsauni na yini guda tafiyar ƙasa ce da ake fita tun da asuba, a bi turba har ƙololuwar dutse, a juyo a sauko kafin duhu ya rufa, ba tare da an kwana a sama ba. Ba ta buƙatar igiya ko ƙugiya. Ƙafa ce ke yin aikin, sai jefi-jefi a kama dutse da hannu a inda ya yi tsaye. Wannan ne ya raba ta da hawan dutse irin na Wase a Jihar Filato, wanda ya miƙe cak har kusan mita 300, ba mai tunkararsa sai gwanayen igiya. Amma rashin igiya bai sa ta zama wasa ba. Yini irin wannan yakan ci awa 6 zuwa 10 ana tafe, rabi a hawa rabi a gangara, kuma rabin na biyu ya fi cin jiki.

A Turai aka mayar da wannan tafiya abin nishaɗi. Tun da Jacques Balmat da likita Michel Paccard suka taka ƙololuwar Mont Blanc a 1786, dutsen da ya haura mita 4,800 a tsaunukan Alps, sha'awar hawa ta bazu, har aka kafa ƙungiyar masu hawan tsauni ta farko a Landan a 1857. Yau ƙasar Suwizalan kaɗai tana da turbobin ƙafa masu alama da tsawonsu ya wuce kilomita 65,000. Launin fenti ne ke gaya wa matafiyi abin da ke gabansa: rawaya turba ce ta kowa da kowa, fari da ja ta dutse ce mai neman takalmin kirki, fari da shuɗi kuwa ta ƙwararru ce. A duwatsun arewacin Najeriya da Nijar, turbar da ake bi ta makiyaya ce da mafarauta da mata masu itace. Takan rabu biyu ba sallama, takan ɓace a kan falalen dutse ta sake ɓullowa can gaba. Aikin da fenti ke yi wa Bature, a nan ɗan jagora ne ke yin sa.

Bakano a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya tashi. Birnin yana wajen mita 480 sama da teku. Dutsen Dala kuwa, duk da girmansa a tarihi tun zamanin Barbushe, mita 534 ne daga teku, wato abin da ya ɗara unguwannin gindinsa da shi wajen mita 50 ne kawai. Matashi mai lafiya yakan haye matakalarsa cikin 'yan mintuna, Goron Dutse ma haka. Sai an nausa kudu, ta Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, sannan ƙasa ke fara tashi sosai, ta yi ta hawa har tudun Jos. Tafiyar kilomita 10 gabas da garin Jos akwai duwatsun Shere, mafi tsayinsu mita 1,829. Jos kanta tana wajen mita 1,200, saboda haka tsakanin gari da ƙololuwa akwai hawan kusan mita 600, kwatankwacin a hau Dala sau goma ko fiye a jere, ba matakala, ba inuwar kirki. A gindin waɗannan duwatsu ne makarantar tsauni ta cibiyar horon da aka fi sani da Man O' War take, cibiyar da aka fara a 1951 a gaɓar tekun Kamaru. Ga mutumin Kano, Shere na cikin wurare mafi kusa da zai samu cikakken yinin hawan tsauni.

Sayayya a Sabon Gari

Shiri daga kasuwa yake farawa, kuma ba sai an nemi wani shago na musamman ba. Kasuwar Sabon Gari da ke ƙaramar hukumar Fagge, wadda a hukumance take ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, tana da kusan duk abin da ake buƙata, sai dai a warwatse yake. Takalmi yana wajen masu takalma, jaka wajen masu jakunkunan 'yan makaranta, tocila da usur wajen 'yan koli, rigar sanyi wajen masu gwanjo. Wanda bai dace a nan ba, gwanjon Ƙofar Wambai yana nan.

A kan takalmi ya kamata a kashe mafi yawan kuɗi da mafi yawan lokaci. Takalmin dutse na ainihi, ƙirar Turai, yakan zo ne a cikin dilar gwanjo, a cakuɗe da kambas ɗin 'yan wasa da but ɗin ma'aikatan kamfani, kuma ba kowane mai sayarwa ne ke bambanta su ba. Mai saye ne zai bambanta. Da farko ya kifa takalmin ya dubi ƙasansa: ana son haƙora masu zurfi da roba mai ɗan taushi wadda farce ke iya lotsawa, domin roba mai tauri zamewa take yi a kan fa. Sannan ya kama gaba da baya ya murɗa. In ya murɗe ba gardama, ba zai tallafi ƙafa a kan tsakuwa ba. But mai ƙarfe a baki, na masu aikin gini, a bar wa masu aikin gini. Nauyi gare shi, kuma a gangara yatsu da ƙarfen za su yi ta karo.

Akwai kuma wata cuta da ke kama tsohon takalmin Turai, wadda ido ba ya gani. Tsakanin fata da robar ƙasa akwai wani soso mai taushi. Idan takalmi ya yi shekaru a ajiye, danshin iska yakan cinye wannan soson ya mayar da shi gari, ko da ba a taɓa sa takalmin ba. Sai ya fito daga dila yana ƙyalli, a saye shi ana murna an yi tsintuwa, bayan awa biyu a kan dutse ƙasan ya ɓare gaba ɗaya, mai shi ya tsaya da safa a tsakiyar tsauni. Gwajin ba wuya. A danna babban yatsa da ƙarfi a gefen soson, a lanƙwasa takalmin sosai. In ya tsage, ko ya yi danƙo, ko gari ya zubo, a ajiye shi, ko da mai kaya zai ce, “Alhaji, wannan ba ya mutuwa, sai dai ka gaji da shi.”

Da yamma ake gwada takalmi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, kuma da irin safar da za a sa ranar tafiya. Tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi a bar wuri kamar faɗin babban yatsan hannu, dunduniya kuwa ta zauna daram. Bayan an saya, sai a yi mako biyu ko uku ana yawo da shi cikin gari har ya san ƙafa. Sabon takalmi a ranar hawa bororo yake haifarwa, bororo ɗaya a dunduniya kuwa ya isa ya sauya wa mutum taku, ya jawo masa ciwon gwiwa kafin a sauko. Za a ga yaran makiyaya suna tsalle daga dutse zuwa dutse da takalmin roba, wani ma da silifas. Su a kan dutsen suka girma, tafin ƙafarsu da idon sawunsu sun saba tun suna ƙanana. Baƙon da ya kwaikwaye su, da targaɗe zai koma gida.

Jakar goyo mai hannu biyu ake so, zai fi kyau in tana da ɗamara, domin ɗamarar ce ke sauke nauyi daga kafaɗa zuwa ƙugu. A ja ɗinkin hannayen da ƙarfi tun a gaban mai sayarwa. Tufafi kuwa, kaftani da babbar riga a bar su a masauki, haka wandon jins, wanda in ya jiƙe ba ya bushewa. Rigar wasanni mai saurin bushewa da wando mai walawa sun fi. Mata sukan sa wando mai faɗi a ƙarƙashin riga, da hijabi wanda bai kai ƙasa ba, saboda dogon hijabi yana rufe wa mai shi wurin da za ta taka, ƙaya kuma tana kama shi. Malafa ko hula mai baki wajibi ce, domin zafin hasken rana mai ƙona fata yana ƙaruwa da wajen kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000 da aka hau.

Rigar sanyi ce abin da ɗan Kano ya fi mantawa. Iska tana rage zafi da wajen digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000, ke nan ƙololuwar Shere za ta kasa Kano zafi da kusan digiri 9, tun ba a sa iskar da ke kaɗawa a sama da jiƙaƙƙiyar rigar gumi a lissafi ba. Mutum yana cikin tafiya ba ya ji. Da ya zauna hutu na minti goma sai haƙora su fara haɗuwa.

Sai ruwa, wanda shi ne mafi nauyin kaya: kowace lita kilo ɗaya ce. Mai hawa cikin rana yana bukatar wajen rabin lita a awa, wato ledar ruwa guda, don haka yinin awa 7 ko 8 zai ci lita 3 da rabi zuwa 4, ban da na alwala. Gorar roba ta fi leda, domin leda tana fashewa a jaka, kuma ita ce sharar da ta fi ɓata duwatsun da mutane ke yawan zuwa. Gumi da gishiri yake fita, shi ya sa ake riƙe ƙullin garin gishiri da sukari na kemis. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Guzuri bai kamata ya ba Bahaushe wahala ba: dabino, gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli da kilishi ba su da nauyi, ba sa lalacewa, suna kuma riƙe ciki. A haɗa da filasta, bandeji, tocila mai sabon batir ko da ana sa ran dawowa da rana, da sanda mai ƙwari irin ta makiyaya.

Jiki da lissafi

Ƙarfi kala-kala ne. Ɗan dakon da ke saɓa buhu daga bakin titi zuwa tsakiyar kasuwar Sabon Gari yana da ƙarfin da ma'aikacin ofis ba ya mafarkinsa, amma aikinsa na 'yan mintuna ne a miƙaƙƙiyar ƙasa, ya sauke ya huta. Tsauni juriya yake nema, zuciya da huhu su yi aiki awa bayan awa, cinya kuma ta iya riƙe jiki a gangara. Ana gina wannan cikin mako shida zuwa takwas. Hanya mai sauƙi ita ce tattaki da jaka a baya daga Sabon Gari ta Fagge, a shiga birni ta Ƙofar Mazugal, a hau Dala a sauko, a sake hawa, kowane mako ana ƙara yawan hawan da nauyin jakar. Matakalar bene ma tana yi. Wanda ya kai ga hawa Dala sau goma a safiya ɗaya da lita 3 na ruwa a bayansa, washegari kuma ya fita harkokinsa ba ɗingishi, ya kusa.

Akwai waɗanda sai sun ga likita tukuna: mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon suga, mai asma. Masu sikila sun fi kowa bukatar hattara, domin wahala da ƙishirwa da sanyi da ƙarancin iska, duk abubuwan da ke tayar musu da ciwo ne, kuma tsauni ya haɗa su wuri guda. Ko masu jinin AS, waɗanda ba su da ciwon, an san a kan tsaunuka masu tsayi sosai saifarsu kan samu matsala. Matasan da ke haɗiyar ƙwaya don ƙarin kuzari kuwa, toshe kunnensu suke yi daga gargaɗin da jiki ke bayarwa. Hawan tsauni da azumi a baki ma ganganci ne.

Kafin ranar tafiya ana lissafin lokaci. Wani mai hawan dutse ɗan Sikotlan, William Naismith, ya fitar da wata ƙa'ida a 1892 da har yau ake amfani da ita: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Tafiyar kilomita 12 zuwa da dawowa mai hawan mita 600 za ta kama kusan awa 3 da rabi ke nan. Sai dai wannan lissafin ƙaƙƙarfan mutum ne a turba mai kyau, ba hutu. A duwatsun da ake ratsa manyan kurman duwatsu da doguwar ciyawa, cikin jama'ar da ba ta saba ba, a ƙara rabin wannan lokacin, sannan a sa na salla da cin abinci da hutu. Abin da takarda ta ce awa 3 da rabi yakan koma 6 ko 7.

Dalilin damuwa da agogo shi ne gajartar yini. A tsaunukan Alps da bazararsu, har bayan ƙarfe tara na dare da sauran haske. A tudun Jos cikin Disamba rana takan faɗi da ƙarfe shida da 'yan mintuna, kafin rabin awa duhu ya rufe. Shi ya sa ake yanke lokacin juyowa tun a gida, a kuma yarda da shi gaba ɗaya: in ƙarfe ɗaya na rana ta yi ba a kai sama ba, a yi azahar a inda ake, a juya. Yankewa a gida ba ta da wuya. Cikawa ce ke da wuya, lokacin da ƙololuwa take gaban ido, wani a cikin tawaga yana cewa, “Haba malam, ga ta nan fa, saura ƙiris.” A kan dutse ido yana ƙarya. Sau da yawa abin da ake hange kafaɗar tsaunin ce, sai an kai ta a ga wata a bayanta.

Lokacin shekara ma yana cikin lissafi. Damina a tudun Jos takan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, da hadarin yamma da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Jiƙaƙƙen fa mai gansakuka ba takalmin da ke kama shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dutse a bushe yake, gari da sanyi, sai dai hazon hunturu kan rufe hangen da aka sha wahala dominsa. Maris kuwa zafi ne.

Ranar tafiya

Daga Kano ake tashi tun ana gobe hawan, da rana, a kwana a Jos. Hanyar ta ratsa dajin Falgore da Saminaka, ba hanyar dare ba ce, kuma ya kamata a tambayi halin tsaro na hanya da na ƙauyukan gindin dutsen kafin a fita, daga bakin waɗanda ke can. Ɗan jagora daga mutanen wurin ake ɗauka. Duwatsun Shere suna cikin ƙasar Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, akwai gonakinsu a kan hanya, akwai kuma wuraren da suke girmamawa waɗanda baƙo ba zai gane da ido ba. Gaisuwa da neman izini ba sa cin minti biyar. A masauki kuma a bar wa wani bayanin inda aka nufa, da yawan mutane, da lokacin da in ba a dawo ba zai ɗaga murya.

Tsarin tafiya irin na fataken dā ne masu zuwa Gwanja sayen goro: madugu mai yanke magana, jagaba a gaba mai sanin hanya, tashi tun da duku-duku, a ci mafi yawan tafiya kafin rana ta take. A tsauni ana ƙara mutum ɗaya mai ƙwari a can baya, wanda ba ya barin kowa a bayansa. Takun mafi rauni ne takun tawaga. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne gudu a awa ta farko, ana raha ana tsere, kafin hantsi numfashi ya ƙare. Ma'aunin taku mai kyau shi ne mutum ya iya magana yana tafe ba tare da haki ya yanke masa zance ba. Inda ya yi tsaye sosai a gajarta taku, a ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya, a riƙa karkatawa dama da hagu maimakon a tunkare shi kai tsaye. Hutu gajere ne, minti biyar zuwa goma a kowace awa, a kurɓi ruwa a jefa dabino a baki tun ƙishirwa da yunwa ba su yi magana ba. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya cikin rana kuwa, a nemi inuwa nan take, a jiƙa wa mutum jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari. In ya fara sambatu ko ya rikice, magana ta wuce hutu, sai asibiti. Alhazan da suka taɓa hawa Jabalun Nur a Makka don ganin Kogon Hira, da silifas da 'yar gorar ruwa ɗaya, sun ga irin wannan da idonsu, ga shi kuwa malamai sun sha faɗa cewa hawan ba ya cikin ayyukan Hajji.

Hannu ba ya shiga rami ko tsagar dutse da ido bai gani ba. Kububuwa da kasa da gamsheƙa suna zaune a irin wannan ƙasa, kunama ma haka. In tsautsayi ya faɗa, ba a ɗaure wurin, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji, a bar neman macijin. Ƙudan zuma suna yin saƙa a kogunan dutse, kuma ƙamshi mai ƙarfi na jawo su. Ranar hawa dai Bakano ya yi haƙuri da turarensa. Da rani mafarauta da makiyaya sukan cinna wa ciyawa wuta, wuta kuma ta fi gudu in tana hawa tudu, saboda haka wanda ya hangi hayaƙi a ƙasansa kada ya gudu sama, ya ratse gefe zuwa falalen dutse ko inda ya riga ya ƙone. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a tudun Jos suna da ban sha'awa ga wanda ya gaji, amma zurfi gare su, gaɓarsu a tsaye take, sun ci mutane.

Hadari in ya haɗo, ana ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, a bar ƙololuwa da doron tsauni, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai da bakin kogo, a sauka ƙasa-ƙasa a rarrabu.

A sama ba a daɗewa. Rabin awa ta isa a ci abinci, a sa rigar sanyi, a ɗauki hoto nesa da baki, a ƙara ɗaure igiyar takalmi don kada ƙafa ta riƙa zamewa gaba. Wanda bai yanke farcen ƙafa ba tun a gida, a nan zai fara nadama.

Gangara ce ke kayar da mutane. Numfashi ya dawo, hira ta dawo, hankali ya tafi ga abincin da ke jira a gari, alhali ƙafa ta gaji. Naman gaban cinya a hawa turawa yake yi, a gangara kuwa birki yake takawa, yana miƙewa yana riƙe nauyin jiki a lokaci guda, kuma irin wannan aikin ne ya fi yi masa lahani. Shi ne ke sa gwiwa rawa ana cikin sauka, shi ne kuma ke kawo tsamin jikin da ba ya tsananta sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Maganinsa gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, jiki a saman ƙafa. Mai jin tsoro yakan jingina baya, sai dunduniya ta zame ya zauna daɓas. Sanda tana gaba, ana dasa ta kafin a taka. Inda ya yi tsaye ƙwarai a juya a fuskanci dutsen a sauka da hannu da ƙafa, ko a zauna a ja gindi. Ba abin kunya ba ne. A wurin da duwatsu ke kwance sako-sako ba a jeruwa wani a ƙarƙashin wani, wanda kuma ya ture dutse ya yi ihu nan take. A ba gangara lokaci daidai da na hawa, ko da ana ganin za ta fi sauri.

In aka ɓata hanya, tsayawa ake yi a koma inda aka san shi na ƙarshe. Bin kwazazzabo da zaton zai kai gari yakan ƙare a bakin wani tsalle da ba ya sauƙuwa. Waya takan samu sabis a kan tudu ta rasa a kwari, kuma neman sabis yana shanye batir, don haka a kashe ta sai da bukata. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, amma taimakon farko daga ƙauyen gindin dutse zai zo, ta hannun ɗan jagora. Usur ya fi murya nisa, ba ya kuma dishewa. Alamar neman agaji da masu hawan Alps suka saba da ita busa shida ce cikin minti ɗaya, a yi shiru na minti ɗaya, a sake. Mai amsawa ya busa uku.

Duwatsun da suka fi Shere

Wanda Shere ta yi wa daɗi yakan fara hangen na gaba. Mafi tsayi a Najeriya shi ne Chappal Waddi, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru cikin gandun dajin Gashaka-Gumti na Jihar Taraba, amma isa gindinsa kaɗai tafiya ce, ba aikin yini ba ne. A Nijar mafi tsayi yana kan tudun Bagzan a duwatsun Azbin, arewa da Agadas, mita 2,022. Duk biyun ba su kai mita 2,500 ba, inda ciwon tsauni ya saba farawa, wato ciwon kai da amai da kasala da ke zuwa saboda iska ta yi shara-shara, kowane numfashi yana kai wa jini ƙasa da abin da ya saba samu. Dutsen Kamaru, mai mita 4,040, ya wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Tun 1973 ake tseren hawansa daga garin Buea, zakaru sukan hau su sauko cikin wajen awa 4 da rabi, wata mata mai suna Sarah Etonge ta lashe na mata har sau bakwai. Baƙi kuwa kwana biyu ko uku suke yi, suna kwana a hanya don jiki ya saba, wanda ciwon ya kama kuma ba shi da magani da ya wuce sauka. Ga ɗan Kano mai farawa, Shere a watan Nuwamba ko Disamba, da ɗan jagora da takalmin da ya san ƙafa, ta ishe shi shekarar farko.